Aji Mita da Karan Dawa

Aji tela ɗan unguwar Alkalawa ne, jikan Barebarin da karatu da fatauci suka kawo Yola. Shekarar samun 'yancin kai ya ɗauki almakashinsa ya tafi Fotlami, birnin da Faransawa suka mulka, wai Yola ta yi masa kaɗan.

Can ya ga ta kansa. Ya nemi mudun gero, aka ɗora masa a sikeli. Ya ce ina gyara, 'yan kasuwa suka bushe da dariya. Ubangidansa ya ce ya yanko mita uku na atamfa, ya yanko yadi uku yadda hannunsa ya saba, rigar matar wani Bafaranshe ta tsaya a gwiwa. Ya sha mari a gaban mutane. Ni dai a ganina marin nan ne ya shige masa ƙwaƙwalwa bai fita ba.

Bayan shekara goma ya dawo, zamanin Jihar Arewa maso Gabas, da tef rataye a wuya kamar laya. Ya buɗe shago a Jimeta. Asibiti ya koma lopital a bakinsa, ofis kuma biro. In ka ce a yanka maka kamu huɗu, sai ya tambaye ka kamun wa, naka ko na wada. Burinsa ɗaya ne, mutanen unguwa su yarda Aji ya san duniya. Mu kuwa muka sa masa Aji Mita, ya ɗauka yabo ne.

Ana nan mahaifinsa ya rasu da bazara. Bobboyi mai haƙar kabari ya zo da karan dawa zai gwada tsawon mamaci, kamar yadda aka gada. Aji ya tare shi a ƙofa, ya ce ba za a auna ubansa da abincin jaki ba. Ya shiga da tef ɗinsa, ya fito ya ce mita biyu ba kaɗan. Bobboyi bai yi musu da mai makoki ba. A hanya ya tambayi wani mene ne mita, aka ce masa ai yadin Faransa ne. Ya haƙa yadi biyu ba kaɗan.

Tsohon kuwa dogo ne. Da aka zo sakawa, ƙafafu suka ƙi shiga. Aka mayar da shi kan makara, rana tsaka, jama'a kowa ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, alhali ba ubana ba ne. Bobboyi ya zaro kara daga dangar wata gona, ya gwada gawar a gaban kowa, sannan ya dubi Aji.

"Aji, babanka bai je Fotlami ba."

Ya koma rami da dagi, muka tsaya muna jira.

Aji ya ci gaba da ɗinki da tef ɗinsa, amma lopital da biro suka ɓace daga bakinsa. Matarsa Kellumi ta ce akwai wani kara a jingine a lungun ɗakinsa, ranar da ta ɗauka za ta hura wuta ya kusa cinye ta ɗanya. Da ya rasu aka gwada shi da karan. Ashe tsawon kansa ya auna, ya ƙara yatsa huɗu, don kada shi ma a ajiye shi a rana.