Bargon da Na Ɗinka Cikin Rigar Sallah

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta wata Ƙaramar Sallah da na yi a Paris, gumi na tsiyaya daga haɓata alhali ƙanƙara na zuba a waje.

A shekarun casa'in ne, lokacin da azumi ke faɗowa tsakiyar sanyi. Ina zaune da matata a dogayen benayen unguwar Minguettes kusa da Lyon, ina aikin ɗaukar kwali a wani sito a Saint-Fons. Ni kuwa tela ne tun daga Maraɗi, kuma ba dako ya kawo ni Faransa ba. Kawuna yana da kantin shadda a unguwar Barbès ta Paris, a bayan kantin akwai wani lungu da babu komai ciki sai bokiti da tsintsiya. Wannan lungun na ɗora wa rai. Kawu ya ce teloli sun yi yawa a unguwar, in ina son lungun, in zo masa kafin Sallah da sana'ar da babu mai yi. In ba haka ba, akwai wani mai gyaran agogo da ke jira.

Na yi tunani har kaina ya yi zafi. Kilishi, goro, kaset ɗin wa'azi, lalle, babu abin da ban kawo ba. Duk wanda ya faɗo mini sai in ruga rumfar tarho in kira Kawu, ko gaisuwa ba na ƙarasawa. Amsarsa ɗaya ce kullum: “Akwai masu yin shi a layinmu.” Kafin azumi ya kai ashirin na haƙura. Na ce zan je dai in yi masa barka da Sallah, in ga lungun gani na ƙarshe.

To amma ina da wani hali, son a gan ni. Ina da farar rigar shadda wadda ni na yi mata aikin wuya da hannuna, kuma Sallar da ta wuce ta ba ni haushi. Kowa ya ci ado, sannan ya danne shi da baƙar rigar sanyi mai kumburi, sai ka ga mutum daga gwiwa zuwa ƙasa ango, daga sama ɗan dako. Na rantse ba zan sake rufe aikina ba. Ranar wata Lahadi da matata ta tafi kasuwa, na ɗauko bargonmu mai hoton zaki, na raba shi biyu da almakashi, na hau tsohon kekena na ɗinke rabin a cikin rigar, lif, ba a ganin komai daga waje.

Da ta dawo ta tsaya kan gado tana kallo. “Malam, ina rabin zakina?”

“Za shi Idi,” na ce mata. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga baya kuma ta yini ba ta yi mini magana ba.

Ranar Sallah na kama jirgin ƙasa na farko daga Lyon zuwa Paris. Masallaci ya cika, muka yi sahu a titi bisa kwalaye, iska na yankan kunne. Ni kaɗai ne fari fat a cikin baƙaƙen riguna, ina zaune cikin ɗumi kamar ban tashi daga gado ba. Daɗi ya ishe ni, sai juya kafaɗa nake don aikin wuyan ya fito. Wani dattijo a gefena, haƙoransa na haɗuwa, ya dube ni da tausayi.

“Samari, kai ba ka jin ɗari?”

“Sabo ne, Alhaji,” na ce. Ƙarya a sahun Idi, Allah Ya yafe mini.

Abin da ban lissafa ba shi ne gidan Kawu. Ɗaki ƙarami, na'urar ɗumama ɗaki a buɗe har ƙarshe, mutane maƙil, ga shayi, ga miya mai yaji. Kowa ya cire rigar sanyinsa ya rataye. Ni kuwa daga ni sai singileti a ƙarƙashin bargo, babu damar cirewa. Dattijon nan na masallaci ma yana nan, ashe abokin Kawu ne, ma'aikaci a wani ofishin jakadanci. Ban gama kofin farko ba gumi ya fara ɗiga cikin faranti.

“Kai, lahiya? Masassara ce?” in ji Kawu. Ya kama hannun rigata zai taɓa jikina, sai ya ji ta da nauyi. Ɗan kasuwar yadi ne, ba a ɓoye wa yatsunsa komai. Ya juya bakin rigar, sai ga idon zaki guda yana kallon jama'a.

Ɗakin ya kaure da dariya. Wani ya ƙware da shayi, mata suka leƙo daga kicin, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Dattijon ya fi kowa dariya, yana nuna ni yana maimaita, “Sabo ne, Alhaji.” Can sai ya goge hawaye, ya jawo rigar ya shafa ɗinkin ciki da waje, ya daɗe yana dubawa.

“Ni dai na gaji da zuwa taro da manto, rigar sanyin ga, bisa riga kamar mai ɓoye kayan sata,” ya ce. “Kana iya yi mini irin wagga? Amma ka sa maɓallai, in an shiga ɗaki a cire na cikin. Kuma ban da zaki.”

Kafin ya rufe baki wani ɗan Cadi ya ce shi ma yana so, wani ya tambaya ko ana yi wa rigar mata. Aka samo zare aka fara auna kafaɗu a tsakiyar falo, ina tsugune ina gumi ina dariya kamar wanda aka yi wa cakulkuli. Kawu yana ta murza bakin rigar tsakanin yatsunsa. Ni kuwa maganarsa kaɗai nake jira.

“Wanga kam babu mai yin shi a layinmu,” ya ce a ƙarshe. “Koma Lyon ka ɗauko kekenka.”

A jirgin komawa na kasa zama wuri ɗaya. Ina tuna abin sai dariya ta ƙwace mini, har wata tsohuwar Baturiya ta tashi ta canza kujera. A lungun nan na yi shekaru ina ɗinka riguna masu ciki na cirewa, kuma da shi na ciyar da iyalina har yara suka girma.

Abin da ranar ta koya mini shi ne na yi wata da watanni ina leƙen abin da wasu ke sayarwa, alhali sana'ar tana cikin abin da ke damuna ni kaina, abin da na yi wa dabara a ɓoye don kunya. Rabin dabarar ma ba tawa ba ce, ta wanda ya fi kowa yi mini dariya ce. Shi ya sa in matashi ya zo yau yana tambayata wace sana'a zai kama, nakan ce ya faɗa mini abin da ke ba shi haushi, da wautar da ya yi don ya magance shi, sannan ya daure ya bari a gani.