Sawun Yatsu a Bangon Malam Mati

Kowace safiya, in ya idar da sallah, Malam Mati yakan tsaya gaban bangon ɗakinsa, ya ɗora yatsun hannun dama, ya bar su su hau a hankali kamar tururuwa. Inda zafi ya fara, nan yake tsayawa.

Kafaɗarsa ta dama ta samu rauni ne a shekarar fari, lokacin da ruwan rijiyar ƙauyensu, gabas da Ɗanbatta, ya yi nisa. Yana jan guga ya ji wani abu ya yage a ciki. Malamin asibiti ya ce jijiya ce, ba ta ɗori ba ce. Ya koya masa ya sunkuya, ya saki hannun ya yi ta lilo, sannan ya bi bango. Kada ya ɗaga kaya, kada ya yi gardama da zafi.

Matarsa Hure takan zauna a bakin ƙofa tana kallo. Can sama a jikin azara akwai zangarniyoyin gero da ya rataye tun kaka, irin shuka. Su kaɗai ne hatsin da ya rage a gidan.

"Malam, yau ma dusa za mu sha?"

"Hannun bai kai ba tukuna, Hure."

"Na hagun fa? Shi ma gugan ya cinye?"

Sai ya yi murmushi, ya ce wanda ya rataye shi zai sauke, ranar da ruwa ya zo.

Akwai turmi a tsakar gida, wanda ko ita ta taka za ta kai. Ba ta taɓa jawo shi ba. Wani lokaci yunwa kan sa ta ga geron yana kaɗawa kamar yana gona, har ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin ɗakin. Maƙwabta da yawa sun daka nasu irin. Yatsun Malam kuwa suna ta hawa, ba sa sauri, har bangon ya yi santsi a inda suke bi.

Bai ga ranar ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi hadari na haɗuwa a gabas.

Da ruwan shuka ya sauka, Hure ta mirgino turmin, ta hau, ta kwance geron. Daga nan sama ta ga sawun yatsun, ya miƙe siriri daga daidai ƙirji, ya tsaya saura tafin hannu ya taɓa azara.