Hannaye a Sama

A wani shagon zane-zane a Oshogbo, Morenike mai zane tana satar kallon wata tsohuwa. Zanin adiren tsohuwar na ɗigar ruwa, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Tsohuwar ta kafe gaban aikin wani marigayi: mata cikin shuɗi, hannayensu a sama. Ƙila ƙanwarsa ce, ƙila matarsa.

Marigayin bai rubuta komai game da zanen ba, kamar yadda Morenike ba ta taɓa rubutawa game da nata ba. Shi ya sa mai shago ke faɗin abin da ya ga dama.

"Rawar bikin kogi ce, Iya! Ko za ki taka mana?"

Tsohuwar tana shafa fuska ta uku a jikin zanen, ko kallonsa ba ta yi.

"Rawa? Ɗan nan, nutsewa muke yi."