Gaisuwar da na yi wa Madam a gidan famfo

Har gobe ban manta da wata Talata a Tiga ba, ranar da bakina ya kusa raba ni da abincina. Lokacin ina ma'aikacin wucin gadi, wato wanda ake sallama da zarar kwangila ta ƙare. Wani kamfani daga Sifen ne ya zo kafa injinan ban-ruwa, kuma mu shida muke aikin, alhali mutum ɗaya za a bari ya riƙa kula da injinan. Ga ni da mata da 'ya'ya huɗu.

Injiniyan sunansa Manolo, amma Fulanin da ke shayar da shanu a wajen suka mai da shi Manu, ya kuwa bi shi. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa, ni kuma kunnena ba ya zubar da komai. In ya ganni da safe ya ce, "Qué pasa?", wato yaya dai. In ya yarda da magana ya ce, "Vale." In ya gaji tiɓis, "Estoy hecho polvo." In ya ga aikin banza kuwa, ya riƙe ƙugu ya ce, "Vaya chapuza!" Na kwashe su tas, ina zuba wa mutane a teburin mai shayi, har aka fara cewa Habu ya iya Sifaniyanci. Ban musa ba, wannan laifina ne.

Ana saura mako a miƙa aiki, sai ga shugabar kamfanin, dattijuwa mai furfura. Ogammu Malam Sale Kiru ya ce, "Habu, kai za ka gaishe ta da yarensu. Kada ka ba mu kunya."

Na cire takalmi, na durƙusa, na ce, "Qué pasa?" Ta ɗaga gira, ta yi murmushi. Da a nan na tsaya da na tsira. Amma wa ya taɓa gaida babba da kalma ɗaya? Malam Sale ya zungure ni: "Shi ke nan? Ba ka tambayi gajiya ba!"

Maganar gajiya guda ɗaya na sani. Na sunkuyar da kai na ce, "Estoy hecho polvo."

"To, aiki fa? Yi mata ya aiki mana!"

Na san abin da ya rage a jakata, amma oga na tsaye a kaina. Na nuna sababbin injinan da hannu biyu, cikin ladabi, na ce, "Vaya chapuza!"

Manu ya yi ja kamar gauta. Ni kuwa na ce a raina, Habu, koma gona. Madam ta dube ni a durƙushe, ta dubi Manu, sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta bakin tafinta ta tambaye ni wa ya koya mini. Na ce ba wanda ya koya mini, a bakin aiki na tsinta, cikin ƙarar inji.

Ta ce, "To, in kunnenka ya kai haka, me injinan nan suke cewa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, biyu lafiya lau. Na ukun tun jiya kukansa ya canza." Manu ya kashe shi ya buɗe, sai ga ƙusa ta kwance. Madam ta kalle ni ta ce, "Vale."

Ni aka bari. Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, aikin famfo aikin kunne ne, inji ba ya lalacewa sai ya yi magana. Amma abin da kunne ya tsinta a bakin aiki, a tambayi mai shi kafin a kai gaban manya. Malam Sale dai har ya yi ritaya yana cewa gaisuwata ta yi gajarta, don ban tambayi mutanen gida ba.