Injin Aro a Hanyar Digil

Ni na yi tafinta ranar da aka buɗe masana'antar matse man gyaɗa a hanyar Digil. Malamin Turanci ne ni a wata sakandare a nan Mubi, kuma duk lokacin da baƙi suka zo daga Yola da jawabi a rubuce, ni ake aikowa a kira in mayar wa jama'a da shi Hausa. Ladana bai wuce kujera a inuwa da kwalbar lemo ba.

A lokacin garin bai gama dawowa hayyacinsa ba bayan gudun hijirar da muka yi. Shaguna da yawa a ƙone suke, bankuna na buɗewa ɗaya bayan ɗaya, samari kuwa sun cika gindin bishiyoyi ba abin yi. Saboda haka da aka ce gwamnati ta gina masana'anta, har daga Maiha mutane suka zo, cunkushe a bayan a-kori-kura.

Babban jami'in da ya zo dogo ne, mai fara'a, hularsa a karkace. Yana karanta layi, ina mayarwa. Ya ce masana'antar za ta ɗebi matasa aiki, a kuma ba manoman gyaɗa rance marar ruwa kafin damina ta faɗi. Ya ce daga yanzu manomi ba zai ƙara kai gyaɗarsa kasuwa dillali ya taya masa yadda ya ga dama ba. Sharaɗi ɗaya ne kawai, kowa ya je ya buɗe asusu a wani banki da ya ambata. Na faɗi duk wannan da ƙarfi, da zuciya ɗaya, domin ni ma na yarda.

A sahun gaba na mata akwai maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu. 'Yar Michika ce, Kirista, mijinta ya rasu a hanya lokacin gudun. Kowa a layinmu Mama yake kiranta. Tana noman gyaɗa a wata gona da take haya a Mayo Bani. Babban ɗanta ya gama difloma a fannin injuna, ya shekara yana zaune a gida. Ranar nan yana cikin samarin da aka sa wa shuɗin kayan aiki, aka jera su kusa da injuna. Da aka kunna inji mai ya fara tsiyaya cikin roba, Mama ta rangaɗa guɗa har sai da masu ɗaukar hoto suka juyo kanta.

Sai da ta sayar da kajinta ta samu abin buɗe asusun. Ni na raka ta. Layi ya zagaye ginin bankin ya fito har titi, tsofaffi daga ƙauyuka suna zaune a ƙasa da katin zaɓensu a hannu, wasu ba su taɓa shiga banki ba.

Ɗan Mama kuwa kullum da safe sai ya yi wanka ya tafi hanyar Digil, ya tarar da ƙofa a kulle. Maigadi ya ce ana jiran a kawo wuta. Bayan ɗan lokaci aka aiko aka karɓe shuɗin kayan, wai za a sa musu tambari. Wata ranar Talata da rana tsaka ya iske babbar mota a ƙofar ginin, ana loda injunan. Ya tambayi masu lodin ina za a kai su. Suka ce gida za a mayar da su. Ashe na wani Alhaji ne mai matsar mai a cikin gari, aronsu aka yi don ranar buɗewa. Alhajin ma bai ɓoye ba. A ƙofar masallacinmu ya faɗa yana dariya, ya ce har gyaɗar da aka matse ranar daga shagonsa aka ɗebo ta.

Damina ta faɗi, ta wuce, babu rance. Abin da yake shigowa wayoyin mutane kawai saƙon banki ne cewa an cire kuɗin kula da asusu. Mama ba ta karatu sosai, sai ta riƙa kawo mini wayar ta saman katanga tana murna, ko rancen ne ya shigo. Na tsani karanta mata waɗannan saƙonni.

A kasuwa kuma ni aka sani. Jami'in ya koma Yola, ni ne nake yawo a gari da muryar da aka ji. Mai nama ya tsayar da ni, mai sayar da taki ya tsayar da ni, har wani dattijo daga Digil ya riƙe mini hannun riga ya ce da bakina na faɗa, ina rancensa. Na gaji da bayanin cewa ɗauko magana kawai na yi. Sai na ce to mu haɗu mu bi sawun abin.

Muka riƙa taruwa ranar Asabar a ajin da nake koyarwa: manoma, wani fasto, na'ibin limaminmu, da Mama. Muka fara da banki. Manajan ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya ce su a shirye suke, gwamnati ce ba ta saki kuɗin ba. Da fasto ya tambaye shi dalilin da ake ta zaftare wa talakawa abin da suka ajiye alhali ba a ba su komai ba, sai ya ce ƙa'ida ce daga hedikwata, shi ma ma'aikaci ne.

Daga nan muka yi karo-karon kuɗin mota, mu uku muka tafi Yola, ni da fasto da Mama. Hanyar ta girgiza mu har Mama ta yi amai kafin Gombi. A ofishin jami'in nan muka wuni a kan benci. Da aka shigar da mu wajen wani mataimaki, bai ce mu zauna ba. Ya ce an daɗe da tura wa banki kuɗin, injuna na gaskiya kuma suna kan teku. Wanda ya san zancen sosai an yi masa canjin wurin aiki. Sannan ya ajiye alƙalami ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya wace jam'iyya ce ta turo mu. Fasto ya ce yunwa ce. Mutumin bai yi dariya ba, ya ce za a neme mu.

Ba a neme mu ba sai da zaɓe ya ƙarato. Sai ga masu fenti a hanyar Digil, sai ga rumfuna. Aka ce jami'in nan zai zo ganawa da jama'a, aka aiko in zo in yi tafinta. Na so in ƙi, amma mutanenmu suka ce in je, ko ba komai zan kasance kusa da lasifika.

Ya zo, ya ƙara ƙiba. Ya karanta cewa masana'antar ta samar wa matasa masu yawa aikin yi, manoma kuma sun amfana da rance. Ginin yana bayansa a kulle, gizo-gizo ya yi saƙa a tagogin da fenti bai kai ba. Na mayar da maganar kamar yadda ya faɗa, sai dai kowace jimla na fara ta da “Yallaɓai ya ce”. Aka tafa. Wasu daga cikin masu tafin da su muka tsaya a layin banki.

Lokacin tambaya an riga an zaɓi masu yi, kowannensu godiya ya tashi ya yi. Mama ba ta jira a kira ta ba. Ta ratsa kujeru ta zo ta miƙo mini hannu, na ba ta lasifikar.

“Yallaɓai, sannu da zuwa,” ta ce da Hausarta ta mutanen dutse. “Ni ne uwan wannan yaro da kun sa masa riga kun cire. Ba na zo faɗa ba. Ƙofa yana bayanka. Ka sa a buɗe, mu shiga mu ga injin da yaranmu suna aiki da shi. In akwai, zan durƙusa a nan in roƙe ka gafara.”

Jami'in nan ya fi ni jin Hausa, a bayan rumfa da ita yake raha da mutanensa. Amma da Turanci ya amsa mata, yana murmushi ga masu ɗaukar hoto. Ya ce ya ji daɗin yadda mata suka waye, kuma za a kafa kwamiti ya duba ƙorafinta. Kafin in mayar, wani ya kashe janareto. A daidai lokacin aka buɗe bayan wata mota aka fara rabon taliya da 'yan ƙullin shinkafa. Jama'a suka dare suka yi can. Na ga dattijon nan na Digil ya faɗi a cikin turereniya, ya tashi ba hula, yana rungume da taliya. Na ga mutum biyu daga cikin 'yan taronmu na Asabar suna ƙoƙarin kutsawa. Jami'in ya shige motarsa yana ɗaga wa mutane hannu. Ban taɓa jin ƙyamar wani taro kamar wannan ba, kuma na rasa wa zan fi jin haushi.

Kashegari bayan la'asar wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a layinmu. Ɗaya daga cikin hadiman jami'in ne. Ya gaishe da Mama har ƙasa, ya ce Yallaɓai bai yi barci ba saboda maganarta, kuma ya samar wa ɗanta gurbi a ofishinsu na yaƙin neman zaɓe, daga baya a mayar da shi ma'aikacin dindindin. Mama ta ce ita ba don ɗanta kaɗai ta yi magana ba. Amma ɗan yana tsaye a bakin ƙofa, mutum ne da ya kai aure, ƙannensa na makaranta, ko kuɗin aski sai ya roƙi uwarsa. Ɗan ya ce ya karɓa.

Ba a daɗe ba na ji muryarsa a rediyo. Ya gabatar da kansa a matsayin ɗaya daga cikin matasan da ke aiki a masana'antar hanyar Digil, ya ce rayuwarsa ta canja. Ta saman katanga na ji Mama ta kashe rediyonta. Ba mu taɓa yin zancen da ita ba. Taronmu na Asabar ma daga nan ya watse, domin mutane sun ce ai an toshe bakin mai magana a cikinmu, kowa ya yi ta kansa. Mama ta ji wannan maganar a coci, ta yi makonni ba ta fita sai gona.

Aka yi zaɓe, aka rufe ofishin yaƙin neman zaɓen, hadimin ya daina ɗaukar waya. Ɗan Mama yanzu keke mai ƙafa uku yake ja na wani mutum, tsakanin kasuwar shanu da tasha. In ya hango ni a hanya yakan tsaya ya ɗauke ni, ba ya karɓar kuɗina, ba ya kuma haɗa ido da ni. Ginin hanyar Digil wani ɗan kasuwa ne yake ajiye siminti a ciki, ban san wa yake biya haya ba. Ni da fasto mun rubuta ƙorafi, mun kai gidan rediyo, suka ce sai mun sayi fili kafin a karanta.

Bara bayan an cire gyaɗa Mama ta ce in raka ta banki ta rufe asusun. Yarinyar da ke kan teburin ta yi ta lallashinta, ta ce kada ta yi gaggawa, sun ji akwai sabon shirin tallafa wa manoma da ke tafe, kuma masu asusu za a fara ba. Mama ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce ta gode, a rufe. Ta dangwala yatsa inda aka nuna mata, muka fito. A bakin titi ta tsaya tana goge tawadar da gefen zaninta, ta tambaye ni ko na san mai sayen gyaɗa da ba ya danne mudu.