Yadda Muka Rubuta Guba

Na shekara da yawa ina aiki a wani babban shagon kayan noma a Funtuwa, amma ban taɓa ɗaga buhun taki ba, ban kuma taɓa tsayawa bayan kanta ba. Aikina rubutu ne. Idan aka kawo sabon iri, ko injin feshi, ko maganin ciyawa, takardar da ke biye da shi da Turanci take zuwa. Ni ne zan zauna in mayar da ita bayanin da manomin Maska zai karanta, ko a karanta masa, ya tashi ya aikata ba tare da ya ƙona gonarsa ba. Teburina yana can ƙurya, tsakanin buhunan irin masara da bango. Na daɗe ina zaton ni kaɗai ke wannan sana'a a duk yankinmu.

A maɗaba'ar da ke buga mana takardu na gane ba haka ba ne. Mai maɗaba'ar Bayarabe ne, Kirista, haifaffen Funtuwa, Hausa a bakinsa kamar ta kowa a kasuwa. Oga muke ce masa. Bayan ɗab'i kuma yana da hannun zane, shi ke zana mini hotunan da nake sa wa takarduna. Wata rana na je karɓar aiki na tarar da wata mata, dattijuwa mai tabarau, ta ɗauki takardata ɗaya daga kan tebur tana karantawa.

"Malam, kai ka rubuta wannan?"

Na ce ni ne, Hajiya.

"Na ga ka ce a girgiza kwalbar har sai an daina ganin abin da ya kwanta a ƙasa. Ni kullum 'a girgiza sosai' nake rubutawa, kuma sosai ɗin kowa daban. Ka ara mini wannan."

Ashe ma'aikaciyar lafiya ce daga Malumfashi. Ita ke rubuta takardun da ake ba iyaye mata a asibitinsu, yadda za a haɗa ruwan gishiri da sukari, yadda za a ba yaro magani. Muka tsaya nan muna hira kan cokali da murfin kwalba, da yadda ba gida biyu da cokalinsu yake daidai, har mai babur ɗin da ya kawo ta ya gaji da jira ya leƙo. Oga yana jin mu yana dariya. Ya ce, "Ai ba ku kaɗai ba ne. Akwai mai shirin noma na rediyo, nan yake zuwa. Akwai wani malami daga Tsiga da ke rubuta sanarwa da ajami. Kowa da ranar zuwansa, kowa kuma kukan da yake mini ke nan, ba shi da wanda zai tambaya. Ga benci nan, ku haɗu mana."

Haka zaman ya fara. Muka zaɓi Asabar ɗin farkon wata, bayan Azahar, saboda Juma'a tamu ce, Lahadi kuma ta Oga. Ba mu da shugaba, ba mu da suna. Doka ɗaya ce: kowa ya zo da abin da yake rubutawa, ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara kamar su ne waɗanda aka rubuta dominsu. Hajiya ta fi kowa iya wannan. Sai ta cire tabarau ta ce, "To, ni yanzu tsohuwa ce a ƙauye, ban yi boko ba, jikana na kuka. Karanta mini." Idan ka kai inda ba ta gane ba, ta ɗaga hannu, ba ta bari ka wuce. Mai rediyo shi kunne gare shi. Jimla ta yi tsawo sai ya ce numfashinsa ya ƙare kafin ta ƙare. Malamin Tsiga ba ya yawan magana, amma shi ke gaya mana kalmar da ake faɗi a garinsu idan tamu ta yi kama da ta ofis. A hankali muka buɗe zaure a waya, wasu suka shigo daga Bakori da Musawa, masu irin aikinmu da ba mu taɓa jin labarinsu ba.

A shekarar da tsutsa ta faɗa wa masara ne muka san amfanin junanmu. Damina ta yi kyau, masara ta kai gwiwa, sai aka wayi gari ganye duk huji. Manoma suka yi ta tururuwa zuwa shaguna. Magungunan ƙwari iri-iri suka cika kasuwa, wasu ma ba Turanci a jikinsu balle Hausa. Mutum ya saya, ya tambayi maƙwabci yadda ake haɗawa, ya goya injin feshi da rana tsaka, ba takunkumi, ba takalmi.

A zaman wannan wata Hajiya ta zo ba fara'a. Ba ta ko taɓa shayin da Oga ya kawo ba. Ta ce a 'yan kwanakin nan sun karɓi mutane da dama masu jiri da amai da ƙaiƙayin ido, duk daga gona. Abin da ya fi tayar mata da hankali wata mata ce da ta wanke kwalbar feshin da mijinta ya gama da ita ta zuba man gyaɗa, ta yi wa yaranta girki da shi. Allah ya kiyaye, yaran sun tashi, amma sun sha wuya.

"Na tambaye ta me ya sa," in ji Hajiya. "Ta ce ai kwalbar magani ce. Kun ji? Magani. Da kalmar da muke kiran abin da ke warkar da yaro, da ita muke kiran abin da ke kashe tsutsa. Ku masu rubutun gona, me ya hana ku kira shi da sunansa?"

Na ce, "Wane suna, Hajiya?"

"Guba."

Mai rediyo ya ce shi yana iya faɗa, amma masu tallar da ke ɗaukar nauyin shirinsa ba za su ji daɗi ba. Ni kuwa tunanin maigidana mai shagon nake. Malamin Tsiga ya ce a garinsu idan aka ce guba kowa ya san a ɗauke daga inda yara suke, ba sai an ƙara bayani ba. Muka yi ta juya maganar har aka kira La'asar. Bayan mun dawo daga masallaci muka tsayar da shawara: za mu yi bayani ɗaya, mu duka, wanda bai ambaci sunan kowane kamfani ba. Ni zan rubuta yadda ake haɗawa da feshi, Hajiya ta rubuta alamun da in an gani a garzaya asibiti, Oga ya zana, mai rediyo ya mayar da shi na kunne, malam ya juya shi da ajami. A sama kuma, da manyan haruffa: wannan guba ce.

Da na kai wa maigidana, Alhaji, ya karanta har ƙarshe a tsaye. Mutumin kirki ne, ya riƙe ni kamar ƙaninsa, ban taɓa jin ya sayar da abin da ya san ya lalace ba. Ya ajiye takardar ya dube ni.

"Malam, duk abin da ke ciki gaskiya ne. Amma kana so in liƙa a ƙofar shagona cewa guba nake sayarwa, na kusa da ni kuma yana sayar da magani? Wurin wa kake zaton za a je?"

Na koma ƙuryata na rubuta a zaurenmu abin da Alhaji ya ce. Da ni kaɗai ne kamar da, nan maganar za ta mutu, in goge kalmar in ci gaba da aikina. Sai ga saƙon wani daga Bakori, wanda ko fuskarsa ban taɓa gani ba a lokacin, shi ma rubutu yake wa wani dila. Ya ce maigidansa abin da ya faɗa ke nan. Wani daga Musawa ya ce haka nasa. Oga ne ya ce, "To ai kun ga maganin abin. Kowa tsoron maƙwabcinsa yake. Ku sa su liƙa rana ɗaya."

Muka raba aikin. Kowa ya koma wurin wanda yake jin maganarsa. Mai rediyo yana da aboki cikin shugabannin 'yan kasuwar kayan noma, ya samo mana izinin magana a taronsu. Ni aka tura, da Hajiya. Ban saba magana gaban manya ba, amma na tashi na karanta takardar kamar yadda muke yi a maɗaba'a. Wani dila ya ce mu 'yan boko so muke mu kashe musu kasuwa. Hajiya ta miƙe, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ba su labarin man gyaɗan, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta ce, "Alhazai, ba cewa muka yi kada a saya ba. Tsutsa na nan, dole a saya. Cewa muka yi wanda ya saya bana ya rayu ya dawo ya saya baɗi."

Wani dattijo a cikinsu ya yi dariya, ya ce wannan Hajiya da kasuwa ta shiga da ta kore su duka. Sai na ga maigidana ya ɗaga hannu. Ya ce shi zai liƙa, in dai layinsu duka za su liƙa. Ba duka suka yarda ba, amma mafi yawa sun yarda, waɗanda suka ƙi kuma daga baya kunya ta sa suka aiko a ba su.

Oga ya zana mutum da takunkumi da safar hannu da dogon takalmi, iska na bayansa. Ya zana kwalba an huda gindinta ana binnewa. Zanen farko da ya yi, malamin Tsiga ya ce hular mutumin ta 'yan birni ce, ba wanda zai ga kansa a ciki, aka sake da malfa. Kafin a buga da yawa muka ɗauki kaɗan muka tafi Tsiga ranar kasuwa, muka tsaya wajen masu sayar da taki muna miƙa wa mutane, muna cewa su gaya mana abin da suka fahimta. Wani ya dubi hoton binne kwalba ya ce ya ɗauka ajiya ake yi don kada a sace. Muka dawo, Oga ya ƙara hujin ya fito fili, ni kuma na ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa a huda ta a binne don kada a sake zuba komai a ciki.

Daga nan abin ya bar hannunmu. Mai rediyo ya karanta a shirinsa, ya kuma naɗa da muryarsa aka yi ta turawa waya zuwa waya. Na ajamin ya shiga masallatai da zaurukan masu unguwanni. Hajiya ta sa aka riƙa karantawa ga mata ranar awo. Ba zan ce mun kawar da matsalar ba. Har gobe za ka ga mai feshi ba takalmi. Amma da kaka ta zo Hajiya ta ce mana masu zuwa da jiri sun ragu ƙwarai a wurinsu, kuma waɗanda ke zuwa suna zuwa da wuri, wasu har da kwalbar a leda don a ga abin da ya taɓa su, kamar yadda ta rubuta.

Wata rana ina cikin motar haya zuwa Malumfashi, an cusa mu baya, wani manomi ya shigo da kwalbar maganin ƙwari ta leƙo daga aljihun babbar riga. Matar da ke kusa da shi, da goyo, ta ce wa direba ya tsaya, ta juya ga manomin.

"Malam, fitar da gubar nan ka sa a but. Ba ka ji an ce kada ta zauna inda yara suke ba?"

Mutumin bai yi musu ba, ya fita ya sa a but ya dawo yana ba ta haƙuri. Na juya fuska wajen taga, ina kallon gonakin dawa suna wucewa, ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Da na sauka na kira Hajiya na ba ta labari, ta ce, "Alhamdu lillahi," har sau nawa ban ƙirga ba, sannan ta ce in tabbata na faɗa wa Oga da bakina.

Yanzu bencin maɗaba'a ya yi mana kaɗan, wata makaranta ce ke ba mu aji ranar Asabar. Akwai masu rubuta bayanin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, akwai mai koya wa mata amfani da waya wajen sayar da kaya, akwai malaman gona. A zaman da ya wuce wata matashiya ta zo daga Musawa, karo na farko, da littafin injin casar shinkafa da ƙungiyar matan garinsu ta samu. Ta fassara rabi ta maƙale a wani ƙarfe da ba ta san me za ta kira shi ba. Muka kewaye hoton ƙarfen da ke cikin littafin, kowa na faɗin nasa, aka rasa matsaya. A ƙarshe muka tashi gaba ɗaya, mu da ita da littafin, muka gangara layin makanikai mu ji yadda su suke ce masa.