Inna Tarho Mai Riƙe Kalmomin Sirri

Shekara talatin da ɗaya Inna ta yi tana haɗa layi a ofishin tarho, tun zamanin da sai ka ɗaga waya ka roƙi wata mata ta haɗa ka da ɗan'uwanka. To ita ce matar. Lambobi ɗari huɗu da 'yan kai ne a kanta, ba ta taɓa buɗe littafi ta duba ko ɗaya ba. Da aka kawo na'urar da ke haɗa layi da kanta, aka ba Inna takardar yabo aka sallame ta. Ta dawo gida da kai fal da lambobin mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, da kuma sunan da ya manne mata har yau, Inna Tarho.

Ɗanta na fari, wanda kowa ke kira Direba saboda motar haya da yake ja, shi ya samo mata sabon aiki ba da niyya ba. Ya buɗe imel, aka ce ya zaɓi kalmar sirri, ya zaɓa, kafin ya iso gida ta gudu daga kansa. Sau uku yana haka. A na huɗu ya raɗa wa Inna a kunne, bayan wata shida ya tambaye ta, ta zubo masa ita har da alamar tambayar da ke ƙarshe. Labari ya zaga dangi. Kafin shekara biyu Inna na riƙe da kalmomi ɗari da sittin da uku na mutum ashirin da biyu.

Sai dai Inna tana da dokoki, kuma ba ta da sassauci. Ba ta ba da kalma ta waya. "Shekara talatin ina sauraron hirar mutane a layi," in ji ta, "ni za a gaya wa waya tana da sirri?" Sai ka zo da ƙafarka, ka zauna a kujerar roba ta kusa da taga, ka sha shayi, sannan ka amsa tambayoyi don a tabbatar kai ne. Wa ya fasa madubin ɗakina? Yaushe rabonka da zuwa nan? In ka faɗi sau uku, ta rufe ka na mako guda. Tela, ƙanin marigayi mijinta, mai asusu bakwai a intanet da sunaye daban-daban don kada masu kawo masa ɗinki su gano inda yake, ya sha wannan rufewar har ya saba. Ranar da Direba ya aske gemu kuwa, kallonsa ta yi sama da ƙasa.

"Fuskar nan ba ta yi daidai da wadda nake da ita ba."

"Haba Inna, ni ne fa! Ke kika haife ni."

"Kowa ma haka zai ce. Ka dawo in ya tsiro."

Inna ba wawuya ba ce. Ta san ba shayinta ke kawo su ba, shayin da ita kanta ta san ruwa ya fi yawa. Amma tun rasuwar mijinta babu abin da take tsoro kamar falon nan ya yi shiru, kuma ga shi bai taɓa wuni ba kowa ba. Ko don me suka zo, sun dai zo.

Autarta, wadda take aikin jinya, ita ta kawo ƙarshen abin, kuma da kyakkyawar niyya, wanda shi ya fi ciwo. Wata Asabar ta tara dangi a falon ta ɗaga wayarta.

"Manhaja ce, kamar akwati a cikin waya. Duk kalmomin gidan nan za a zuba a ciki, a kulle da kalma guda ɗaya, uwar kalmomi. Kowa ya buɗe daga inda yake. Inna ta huta."

Inna ba ta ce ta gaji ba, amma ba wanda ya tambaye ta. Ta zauna tana karantowa, Auta tana shigarwa, daga hantsi har la'asar. Manhajar kuma ba ta da kunya: duk kalmar da aka saka sai ta ce mai rauni ce, har ta Tela da ya haɗa da sunan keken ɗinkinsa na farko. Aka canza su duka da wasu tarkacen haruffa da ba mai iya furtawa. Aka ƙirƙiri uwar kalmomin, harafi ashirin da shida, Auta ta karanta wa Direba sau ɗaya da ƙarfi.

"To ita wannan a ina za a ajiye ta?" in ji Tela.

"A cikin akwatin mana," in ji Direba. "Ba don ajiya aka yi shi ba?"

Kowa ya yaba wa basirar Direba. Inna ta buɗe baki, sai ta tuna an ce ta huta, ta rufe.

Kwana arba'in falon yana shiru. Ana bugo waya, ba a ce ba a bugowa, gaisuwar minti ɗaya da rabi. Inna ta ci gaba da dafa shayin mutum biyar tana zubarwa. Da mai karanta mitar lantarki ya zo, sai da ta zaunar da shi ta tambaye shi wa ya fasa madubin ɗakinta. Bawan Allah ya rantse ba shi ba ne, bai sake dawowa ba.

A rana ta arba'in da ɗaya manhajar, wadda da ma da zanen yatsa ake buɗe ta, ta ce yau kam sai an saka uwar kalmomi. Uwar kalmomi kuwa tana kulle a cikin akwatin. Kafin azahar falon ya cika har ƙofa. Direba ya ajiye mota don ba ya iya karɓar fasinja ta waya, Tela ya rasa hotunan ɗinkin mutane, wata jika tana kuka saboda sakamakon jarrabawa.

"Inna, kin ji lokacin da na karanta ta?" in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ji mana. Duka ashirin da shidan suna nan a jere a kanta kamar ƙwai a kwali. Ta dubi falon, ta dubi takalman da suka taru a bakin ƙofa, sai ta dafe goshi.

"Tsufa, 'yar nan. Harafi ɗaya nake iya tunowa a rana. Shi ma sai in da hayaniya, kaina ba ya aiki a shiru."

Haka aka fara. Kullum da yamma dangi su hallara, a sha shayi, a yi gardama, Inna ta lumshe ido kamar mai fama, sannan ta ce, "Babban K," Auta ta rubuta a bayan kwalin magani, a yi tafi. Ta san tana cutar su, kuma abin yana ɗan damunta, amma bai kai ya hana ta barci ba.

A rana ta tara ta lumshe ido, ta miƙa hannu inda harafin yake, ba ta tarar da komai ba. Ta koma farko ta biyo layin, ta sake zuwa wurin, wayam. Na goma ma babu, har zuwa ƙarshe. Ta nemi lambar tsohon ofishinta don gwaji, ita ma ba ta amsa ba. Gabanta ya faɗi, irin faɗuwar da ba ta ji ba tun ranar da likita ya fito daga ɗakin mijinta. Ga mutum goma sha tara sun zuba mata ido.

"Alamar tauraro," ta ce, don ita ta fara zuwa bakinta.

Auta ta ɗan dakata, sannan ta rubuta.

Daga ranar Inna ƙirƙira take yi. Kowace yamma tana cewa yau za ta faɗi gaskiya, kowace yamma takalma su taru, ta ce, "Ƙaramin m." Tsoro ya hana ta lura da wasu abubuwa sai daga baya: Tela ya daina kukan hotuna, jikar ta daina kuka, Direba kuma yana shigowa da warin mai a rigarsa kamar wanda ya wuni a kan titi.

Rana ta ashirin da shida ta ba da harafin ƙarshe, ta riƙe hannun kujera tana jiran kunya. Auta ta ɗauki waya, ta dubi kwalin maganin, ta yi ta motsa yatsa. Inna, wadda ta yi rabin rayuwarta tana kallon yatsu a kan allo, ta ga yatsan bai taɓa gilashin ba ko sau ɗaya.

"Ya buɗe!" in ji Auta.

Falon ya ɗauki ihu, ihun da ya ɗan yi yawa. Tela har da miƙewa. Ba wanda ya kalli wayarsa. Wato sun daɗe da samun wata hanyar, duk cikinsu, suka ci gaba da zuwa suna rubuta shirmenta harafi bayan harafi. Inna ta nemi idon Auta, Auta ta duƙa tana tattara kofuna.

"Af, Inna," ta ce ba ta ɗago ba, "manhajar ta ce kalmar nan ta tsufa. Mun yi sabuwa, harafi sittin. Ba za mu sake saka ta a akwati ba, ke za ki riƙe mana."

"Sittin?"

"Sittin. Wa zai iya in ba ke ba?"

Inna ta gyara zama, ta goge ido da gefen mayafi kamar wani abu ne ya faɗa ciki.

"To faɗo. A hankali, ban son gaggawa."

Auta ta fara karantowa. Inna tana gyaɗa kai. Kafin a kai harafi na biyar na farkon ya tafi, ta ci gaba da gyaɗa kai har aka kai sittin.